Awa Ukun da Na Faɗa wa Inna

Tun da na dawo daga Kanada ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a rumfar Nomau mai shayi, nan bakin gudron, wato kwaltar Dogarawa, kafin in kai kofi baki sai wani ya dafa ni: "Arzika, wai yaya ƙasar take?" In na fara, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in samu in huta da bakina.

Da farko ku san mai maganar. Ni Ba'adare ne, a Tajaye aka binne cibiyata, kuma mu ba a koya mana tafiya. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na je Abijan a kan buhunan albasa, kwana shida, ban tambayi kowa hanya ba. Na san Lome, na san Kwatanu, Legas kuwa kamar yunwar cikina. Faɗa mini gari, in faɗa maka ƙarfe nawa za ka isa; in na yi kuskuren minti goma zo ka ɗauki buhun albasa kyauta. Shekara talatin ina wannan kirari, kuma da wannan bakin ne na kusa kashe uwata.

Ga yadda aka yi. Ɗiyata Rabi tana Monreyal da mijinta Lawali, wanda ya je karatu ya samu aiki can. Tun cikinta na wata huɗu aka nema wa uwarta, matata Sa'a, biza don ta je ta kula da jego, ni kuma aka haɗa da ni don rakiya. Da takardu suka fito, sai ga shi an ba ɗan rakiya, an hana mai aikin. Ni da ban taɓa hura wutar ruwan wanka ba! Sa'a ta yi kukanta na yini guda, sannan ta share hawaye ta hau ɗura mini kaya a balis, wato akwatin tafiya: kanwa, garin kunu, yaji, kuka, daddawa, da kilishi mai yawan da zai ciyar da bataliya.

Lawali ya aiko da biye, wato takardar jirgi, aka buga mini ita a wani buro mai buga takardu a Konni. Lakwal ɗina, bokon da na yi, bai wuce aji huɗu ba, amma lamba ba ta ɓuya mini. Na shimfiɗa takardar a teburin Nomau tsakanin gwangwanin madara da burodi. Yamai zuwa Kazablanka ta ƙasar Maroko: tashi biyar na asuba, sauka takwas da rabi. Kazablanka zuwa Monreyal: tashi sha biyu na rana, sauka uku na yamma. Na ƙirga da yatsa gaban jama'a, ɗaya, biyu, uku.

Na ce, "Jama'a, ashe Kanada nan ce bayan gida! Wanda ya shiga babbar motar kar daga Konni lokacin da na tashi, kafin shi kai Doso ni na ɗauki jikana."

Nomau ya ce, "Anya, Arzika? Teku fa aka ce."

"Teku a ƙasa take, ni ta sama zan bi. Kai dai zuba shayi."

Kada wani ya ce ban san rana tana makara a can ba. Na sani, Rabi ta sha faɗa cewa in muna azahar su yanzu suke karyawa. Amma ban taɓa kawowa a rai cewa takarda ɗaya za ta ɗauki agogo biyu ba. Tikitin kar da agogo ɗaya ake rubuta shi.

Yanzu sai maganar Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune gidana. Ta haura tamanin, kuma tana da wata al'ada tun da waya ta shigo gari: in ɗanta ya kama hanya, ba ta sa komai a baki sai ta ji muryarsa ya ce ya sauka. Zama take a tabarma da carbi, ko ruwa ba ta kurɓa. Ga shi kuma tana da ciwon suga, kullum safe sai ta sha magani. Bara da na tafi Agadas ta riƙe bakinta tun safe, wajen ƙarfe shida na yamma aka tsince ta a faɗe gindin randa, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Sai da aka kai ta asibitin Malbaza aka sa mata sarum, wato ƙarin ruwa. Likita ya kira ni gefe ya ce, wanda ya sha wannan magani bai ci abinci ba, yana iya yin barcin da ba a tashi. Tun daga ranar Sa'a ta kafa doka, Inna kuma ta bi, ta daina.

Ranar da zan tashi, da hantsi, na durƙusa gabanta yin ban kwana. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, "Wanga" take ce mini.

Ta ce, "Wanga, tahiyar ƙasa na bar ta ga Allah da matarka. Amma an ce ruwa za ka ƙetare wanda babu gaɓa. Wannan kam sai na riƙe."

Sa'a ta taso daga bakin murhu da muciya a hannu. "Inna, don Allah! Mi likita ya ce?"

"Likita shi ya haihe shi?"

Da na yi shiru a nan, da Sa'a ta ci nasara kamar kullum. Amma baki ya ƙi. Na zaro takarda daga aljihu na kaɗa ta. Na ce, "Ke Sa'a, bar tsohuwa ta yi abinta. Awa uku ce tak. Ta sha kokonta da safe, in bugo da sha biyu in ce mun tashi, ƙarfe uku in bugo in ce mun sauka. Ko jinjiri ai ya yi awa uku bai sha nono ba."

Sa'a ta dube ni. "Ka tabbata?"

"Ni kike tambaya?"

Aka rabu a kan haka.

Hanyar Yamai ba sabon abu ba ce. Na hau kabu-kabu da balis a ka har tasha, taksin daji ya kai ni Konni, na shiga kar. A shingen jandarma kowa ya miƙa katin ɗan ƙasa, ni na miƙa sabon faspo don a gani. Jandarman ya juya shi ya ce, "Kanada? Kai da wannan hular?" Na ce ita ma an ba ta biza. A Dogon Dutsi na sayi zabuwa soyayya wadda na tabbata ta girme ni. Na kwana biyu a Yamai gidan wani ɗan garinmu mai sayar da taya, a ɗakin da sauro ke karɓar haraji da jini, ya kai ni filin jirgi da kansa.

Jirgin farko, ba zan ɓoye ba, da ya ɗaga hanci sama na karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo, har da wanda ban haddace ba. Na riƙe hannun kujera gam. Amma da muka sauka Kazablanka na dubi agogona: takwas da rabi daidai, kamar yadda na lissafa. Nan kaina ya ƙara girma. Ban san cewa Maroko da Nijar agogonsu ɗaya ne ba, shi ya sa lissafin ya fita.

Filin jirgin Kazablanka gari ne mai rufi. Akwai matakala mai tafiya da kanta, wadda ta kama bakin babbar rigata ta so ta tuɓe ni gaban matan mutane. Da ƙyar wani Balarabe ya ƙwato ni. Shayinsu ganyen na'ana'a ne cike da kofi, kamar an ba ka shuka ka shayar. A wurin jiran jirgi na biyu ne na ji wani yana waya da Hausa. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, Alhaji Mutari, mutumin Damagaram, shekara goma sha biyar yana tuƙin taksi a Monreyal. Muka gaisa kamar ƴan ɗaki ɗaya. Shi ya haɗa mini wayata da intanet na wurin, na bugo gida.

Sa'a ta miƙa wa Inna. Na ce, "Inna, ga mu za mu shiga."

Ta ce, "Na sha koko, na sha maganina. Daga yanzu bakina a ruhe yake sai na ji ka. Allah shi kai ka lahiya."

"Ƙarfe uku, Inna. Ki ce wa Sa'a ta ɗora tukunya tun biyu."

Jirgin nan na biyu, in aka cire kujerun za a ci kasuwar Galmi a ciki har a bar wa masu awaki gefe. Allah ya sa kujerata na kusa da ta Alhaji Mutari, ya roƙi wata mata ta musanya da shi, ya bar mini taga. Tsoro ya ragu tunda na zama tsohon hannu. Na fito da waya na hau ɗaukar gajimare don mutanen rumfar Nomau, ina yi ina bayani. Aka kawo abinci a ɗan faranti mai rufi: shinkafa loma huɗu, kaza da ba ta taɓa ganin barkono ba, da wani ganye ɗanye da ko akuyata sai ta yi shawara. Na cinye tas. Na ci gaba da ɗaukar gajimare har wayar ta yi ƙara ta mutu. Ban damu ba. Na ce in mun sauka na ari ta Alhaji.

Biyu da rabi a agogona na mai da takalmi, na gyara hula, na naɗe bargon da aka ba mu, na ɗora jakata a cinya.

Alhaji Mutari ya cire abin kunnensa. "Ba'adare, ina zuwa? Kasuwa?"

"Shiri nike. Saura rabin awa."

"Rabin awa a yi me?"

"A sauka mana. Ƙarfe uku."

Ya dube ni, ya dubi agogon hannuna, sai ya fashe da dariya har wani Bature a gaba ya waiwayo. Ya danna ɗan allon da ke bayan kujerar gabana. Sai ga hoton duniya, shuɗi ta ko'ina, da ɗan jirgi kamar ƙuda a tsakiyar faifai. Ƙasar da muka baro tana dama, wadda za mu tana can hagu, nesa.

Ya ce, "Ka ga wannan lambar? Tsakanin garin nan biyu ya fi kilomita dubu biyar da ɗari biyar. Konni zuwa Yamai nawa ne?"

"Ɗari huɗu da ƴan kai."

"To ka je sau goma sha uku. Awa takwas ce tafiyar, malam. Ukun da ka gani a takarda ukun Monreyal ce, su suna bayanmu da awa biyar. A agogonka sai takwas na dare."

Jama'a, na taɓa faɗawa rijiya ina yaro, na taɓa kwana hannun ƴan fashi a hanyar Parku, amma ban taɓa jin tsoro kamar lokacin ba. Na ce, "Inna lillahi." Na sake cewa. Alhaji ya daina dariya, na kwashe labarin Inna na faɗa masa, da maganin, da randa, da abin da likita ya ce.

Ya ce, "Ba za ta ci ba in an lallashe ta?"

"Ba ka san ta ba. Ta taɓa yin shekara biyu ba ta yi wa ƙanenta magana ba a kan ɗan tinkiya."

Na danna abin kiran ma'aikaciyar jirgi, na danna, na danna. Ta zo da murmushi. Na tattaro faransancina na tasha: "Madam, telefon! Mama malad!" Alhaji ya gyara mata bayanin. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma a wannan jirgin babu hanyar da fasinja zai yi waya sai an sauka. Na ce to a faɗa wa direba shi taka, akwai rai a gaba. Alhaji ya ƙi fassara wannan. Na ce ko akwai wani gari a hanya da za a ɗan tsaya, minti biyar ya ishe ni. Ya nuna mini shuɗin nan ya ce, "Zaɓi wanda kake so." Matar ta kawo mini ruwa a kofin roba ta dafa kafaɗata.

Daga nan ban sake zama cikin jirgin ba, a tsakar gidana nake. Agogo ya buga uku, na ga Inna ta gyara zama a tabarma, ta jawo wayar Sa'a kusa da gwiwarta. Uku da rabi, na ga tuwo ya sauka an rufe shi da faifai. Huɗu, na ji Sa'a ta fara roƙo, Inna na jan carbi ba ta ko dube ta. Kuma me za su ɗauka? Mutumin da ya ce uku da bakinsa, wanda bai taɓa kuskuren minti goma ba, ga biyar ta yi ba a ji shi ba. Ai sai su ce ruwa ya ci mu. Tsohuwa ga yunwa, ga magani na aiki a jiki, ga labarin ɗanta na fari ya nutse.

Abin da ya fi ba ni tsoro rana ce. Ta tsaya a tagar nan cak kamar an kafe ta da ƙusa. Agogona ya ce la'asar ta wuce, ita ko gezau. Na tambayi Alhaji yadda ake salla a inda rana ta ƙi tafiya, ya ce in bi abin da idona ya gani, matafiyi yana da sauƙi. Na yi azahar da la'asar a zaune, kuma ban taɓa yin salla da zuciya ɗaya irin wannan ba. Na yi wa Allah alkawarin rago. Na ƙara na biyu. Na yi alkawarin in ya tsare mini Inna ba zan sake cewa na san wani abu ba har in mutu. Kuna gani dai yadda na cika wannan.

Shida ta yi, lokacin da ta faɗi bara. Na tashi na hau zirga-zirga tsakanin kujeru, daga bayan gida zuwa labule, har aka roƙe ni in zauna. Turawan nan kowa ya rufe ido ko yana kallon allo, babu mai tambayar ɗan'uwansa lafiya. A kar ɗin Konni da tuni mutum goma sun ba ni shawara, biyar sun ba ni labarin wanda uwarsa ta mutu haka. Aka sake kawo abinci. Na ture. Yaya zan ci uwata na can baki a rufe saboda ni? Alhaji Mutari ya ce barin abinci ba shi da kyau, ya haɗa da nawa ya cinye.

Bakwai ta wuce, na san an kira magariba a Dogarawa. Ɗan ƙudan nan na allo ya taɓa ƙasa da ƙyar. Alhaji ya ce, "Da mun sauka ga wayata, ka buga." Na ce Allah shi saka. Ya ce, "Faɗi lambar in ajiye." Na buɗe baki, babu komai. Ni da ke riƙe da farashin albasa na shekara goma a ka, ban san lambar matata ba. Tana cikin wayar da na kashe wajen ɗaukar gajimare. Igiyar cajinta kuma tana cikin balis, a cikin cikin jirgi, tare da daddawa. Ta Alhaji ba ta shiga tawa ba. Lambar Lawali ma tana can ciki.

Muka sauka takwas daidai a agogona, rana na nan sama a waje. Na so in yi gudu, amma ina! Layi aka sa mu mai lanƙwasa kamar na allurar shanu, ka je ka dawo ka je ka dawo, kana ganin ƙofa ba ka isa. Akwai wata na'ura da ke yi wa mutum tambayoyi, Alhaji ya amsa mini, ya ce in an tambayi abinci a ce akwai, ƙarya a nan tsada gare ta. Daga nan layinmu ya rabu, shi na ƴan gida, ni na baƙi. Mai duba faspo ya tambaye ni me na zo yi. Ta ina zan fara bayanin wankan jego? Na yi alamar rungume jariri na ce, "Bebe." Ya buga hatimi.

Na ɗauko balis ke nan sai wani ɗan kare mai dogon kunne, da riga a jikinsa, ya zo ya zauna gabana yana kallona kamar mun saba. Aka kai ni gefe wajen ƴan duwan, wato kwastan. Wata mata mai safar hannu ta buɗe balis. Ta ɗaga dunƙulen kanwa tana juyawa, fari fat, ta kira abokin aikinta. Na gutsura na tauna don su gani. Ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya taku uku. Da ta kai ga kilishi ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. A ranar da hankalina ke kwance da sai mun kai magariba muna ciniki a kan kilishin nan. Amma na ce su ɗauka, su ɗauki balis ɗin ma, su bar ni in fita. Ashe wannan gaggawar ce ta sa suka ƙara zargina. Suka zazzage komai har aljihun wandunana, ɗaya bayan ɗaya, a natse, da ladabi. Ina tsaye gumi na zuba, agogo na cewa tara, tara da rabi.

Goma saura na fito. Ga Lawali da ƴar takarda mai sunana, kamar zan ɓace masa. Ya rusuna zai gaida suruki: "Baba, sannu da..."

"Bar gaisuwa! Bugo wa Sa'a!"

"To Baba. Ai ɗazu da safe sun kira Rabi a kan maganar Inna, amma na fito aiki ban ji ƙarshenta ba."

Na zauna a kan balis. Waya ta yi ta ƙara, ta katse. Ya sake bugawa. Can sai muryar Sa'a.

Na ce, "Inna?"

"Au, ka isa? Tana barci."

"Wane irin barci?"

"Barcin wanda ya ci tuwo malmala biyu. Rage murya, kada ka tashe ta."

Na fashe da kuka a gaban surukina da Turawan Kanada. Sa'a ta jira na gama, sannan ta ba ni labari ƙasa-ƙasa. Da huɗu ta yi ba su ji ni ba sun kira Rabi, ta ce musu ai Baba na sama, saura awa huɗu. Hankali ya kwanta ta wannan gefen, amma Inna ta ce alkawari alkawari ne, sai ta ji murya. Wajen biyar hannunta ya fara rawa, gumi ya keto. Sa'a ta zaga bayan ɗaki ta hau tonon wayarta, ta samo wani tsohon saƙon murya da na aiko bara daga Madawa da na kai albasa: "Inna, na sauka lahiya, alhamdu lillahi, a ci abinci." Ta dawo da gudu tana cewa jirgin ya yi sauri, ga shi ya aiko. Inna ta saurara sau biyu, ta shafa fatiha, ta ce a dama mata fura.

Sa'a ta ce, "Kuma wallahi in ka tona, kai da ita. Mai awa uku."

Wata guda na yi a Monreyal. Jikan namiji ne, kuma kowa ya ce hancina ne, Allah shi ba shi haƙuri. Gidansu ɗaki uku ne a hawa na shida, ba tsakar gida, ba inda za a hura itace. Ruwan jego daga famfo yake fitowa da zafinsa, aikina kawai in tsaya bakin ƙofa ina karanto umarnin Sa'a. Kunun kanwa na dama sau ɗaya, Rabi ta roƙe ni don Allah in bari. Ragon suna ba mu ga idonsa ba, a kwali ya zo a yanke. Maƙwabcinsu na gaishe shi kwana talatin, na tambayi iyali da gajiya da aiki, abin da na samu ɗaga gira. Magariba kuwa sai wajen tara, mutum ya ci tuwon dare rana na kallonsa. Ƙasa ce mai tsabta da ruwa da yawa, amma ko'ina na zauna abu ɗaya ke cina: mun yaudari tsohuwa a kan abin da ke tsakaninta da Ubangijinta, kuma ni na jawo. Duk sanda muka yi waya sai in ji kamar za ta gane a muryata.

Da zan dawo takarda ta nuna awa goma sha biyu, ashe bakwai ce. Wannan karon mutum uku na tambaya, har da Alhaji Mutari da ya zo ya kai ni filin jirgi a taksinsa yana ta yi mini dariya. Inna kuwa ba a faɗa mata ranar ba sai da na shigo Konni.

Kwana biyu da dawowa, bayan ƴan sannu da zuwa sun ragu, na yanka ragunan nan biyu, na sami Inna ita kaɗai a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa. Na shirya jawabi tun daga Kanada. Na fara daga takarda da agogo biyu, na bi ta kan teku, na faɗi kukan da na yi, na zo kan saƙon Madawa. Na ce laifin nawa ne ba na Sa'a ba, ta yafe mana. Ina yi, ita ko ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

Ta ce, "Wanga, ka gama?"

"Na gama, Inna."

"Kai da matarka kun ɗauka tsuhwa kurumta ce. Tun da ta kunna na ji ɗan kamasho bayanka yana kiran Konni, Konni, saura mutum guda. Akwai motar Konni a Kanada?"

Na saki baki. "To Inna, mi ya sa kika ci?"

Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta.

"Yunwa nika ji. Kuma in don surutunka ne, na bara da na bana duk ɗaya ne."